Shanun Da Muka Zuba A Akwatin Wasa

Akwai abubuwa da yawa da tsufa ya fara ƙwace min, har sunayen wasu abokan makaranta sai na yi ta lalube, amma shekarar da na sa abokina ya sayar da shanunsa saboda wasan talabijin, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Har yau idan na bi ta ƙofar shagon gem, inda ake irin wannan wasan, na ji samari suna ihu, sai in ƙara sauri kamar wanda ake kira a gaba.

Mu mutanen da ruwan Tiga ya tasa ne. Ina goye aka kwashe mu zuwa sabon matsuguni, mahaifina ya ajiye garma ya koyi jefa taru. Ni kuwa tun ina ƙarami ba na shiri da ƙarnin kifi. Da na gama sakandare sai na gudo Tudun Wada na koyi gyaran rediyo, na samu ɗan shago kusa da tasha. In faɗi gaskiya, bakina ya fi hannuna aiki. Ba a tayar da zance a teburin mai shayi ban sa baki ba, ko na san shi ko ban sani ba. Wata rana na ce nan gaba kaɗan mutane za su riƙa biya su zauna a zaure su kalli bidiyo, aka yi min dariya, sai ga shi ba a rufa shekara biyu ba an buɗe gidan kallo a garin. Daga nan aka laƙaba min Sarkin Gobe. Da tsokana aka fara, ni kuma na ɗauke shi sarauta ta gaske. Sau ɗaya na harba na samu, sai na ɗauka ni maharbi ne.

Abokin nawa Bafulatani ne, rugarsu tana bayan ƙauyenmu, benci ɗaya muka zauna a firamare. Mutum ne mai shiru, ni in yi magana goma shi ya yi ɗaya, wataƙila shi ya sa muka daɗe tare. A al'adarsu, ranar sunan yaro uba yakan ware masa karsana, duk abin da ta haifa nasa ne, da su zai yi aure, da su zai tsaya da ƙafarsa a cikin dangi. Ta abokina ta yi albarka, sai dai ciwon shanun da ya share garkuna muna yara ya cinye mafi yawan zuriyarta. Shida suka rage masa. Babbarsu wata farar saniya ce mai baƙin kunne ɗaya, na hagu, kuma duk abin da ta haifa sai ya zo da wannan kunnen. Yakan yi mata wani kira can cikin maƙogwaro, ko tana tsakiyar garke sai ta ɗago kai ta taho.

A tsakiyar shekarun casa'in ne na shiga birnin Kano sayen kayan gyara, na ga injin wasan a karon farko. Akwati ne ɗan ƙarami da ake jona wa talabijin, a cusa masa kaset, mutum biyu su riƙe abin dannawa da muke kira hannu. Na tsaya kallo har na kusa rasa motar komawa. Na sake zuwa, na sake zuwa. Na ga wasannin iri-iri ne. Akwai na tseren mota, akwai na ƙwallo, akwai na harbi, akwai wanda ɗan mutum ke ta tafiya yana tsalle yana neman hanya, sannan akwai na faɗa, ƙato da ƙato, naushi da shuri har ɗaya ya zube. Wannan na ƙarshen shi ya tafi da hankalina.

Na dawo Tudun Wada da wa'azi a bakina. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji. Nakan ce, “Ku rubuta ku ajiye, duk injin da masu ƙera abin nan za su fitar nan da shekara ashirin, wasan dambe ne zai hau kansa. Ƙwallo? Ga fili nan bayan firamare kyauta, wa zai biya ya kori 'yan mutane kamar tururuwa a gilashi? Mota? Mutumin da ko keke bai mallaka ba me ya sani a tsere? Na tafiyar nan kuwa duk Turanci ne. Amma ku dubi garin nan ranar da aka buga gangar dambe bayan kaka. Har kara, kasuwar shanu, sai ta watse.” Mutane suna gyaɗa kai, domin maganar tana da kama da gaskiya. Ni kaina na yarda da ita ɗari bisa ɗari, ba yaudarar kowa na yi niyya ba, kuma wannan ne kaɗai abin da nake iya faɗa don kare kaina.

Abin da ba ni da shi shi ne jari. Abokina kuwa a lokacin kiwo ya fara isarsa. Gonakin rani sun ci burtali, kullum rigima da manoma, kullum ba da haƙuri. Wata ranar kasuwa ya zo shagona ya zauna, na buɗe masa wuta da hasashena. Ya daɗe yana sauraro yana juya sandarsa, can ya ce, “Ka tabbata?” Na ce, “Kamar yadda na tabbata gobe rana za ta fito. Shekara ɗaya, ka mayar da shidan nan goma sha biyu.” Ya ce, “To, kai ka yi boko mai zurfi.” Wallahi iyakar tambayar da ya yi min ke nan. Da ya ja da ni ko sau ɗaya, wataƙila da na tsaya na yi tunani, amma ba laifinsa ba ne da ya yarda da aboki.

Mahaifinsa, wanda dukkanmu muke kira Baffa, bai hana shi sayar da shanun ba. Cewa kawai ya yi, “Naka ne.” Wanda ya san Fulani ya san wannan ba izini ba ne, amma ni na fassara shi yadda nake so.

Ranar da aka kai su kara ina wurin. Biyar sun tafi ba gardama. Mai baƙin kunne ce ta kafe, dillali ya ja, yaran mai saye suka tura, ta ƙi ko motsi. Sai da abokina ya shige gaba ya yi mata kiran nan nasa, ta bi shi da kanta har gindin mota. Shi ya hau da ita, ya shafa wuyanta, ya kwance igiyar ya naɗe ya sa a aljihu, ya sauko bai waiwaya ba. Tana ta kuka motar ta tashi. Ni kuwa, Allah ya yafe min, ina gefe ina lissafin inda zan kafa benci.

Da muka je birni, ɗan kasuwar da muka samu mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa komai ba. Ya nuna mana injinan kaset, sannan ya rage murya ya ce akwai wani sabon inji da ya fara shigowa, mai amfani da faifai, yana da tsada, abin da muka zo da shi guda ɗaya kawai zai saya mana. Ya ce, “Ƙwallon da ke ciki, kamar ka kira ɗan wasa ya amsa. In da ni ne ku, da shi zan ɗauka. In kuma na kaset kuke so, to ku haɗa da na ƙwallo da na mota ko bibbiyu ne.” Abokina ya dube ni. Na yi dariyar masana na ce, “Alhaji, kai birni ka sani, ni na san mutanena. Faifai kwana nawa zai yi a hannun 'yan ƙauye bai karce ba? Ba ni na kaset uku, kuma duk kaset ɗin da ba na faɗa ba ne ka mayar da abinka.” Ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ya sa albarka. Muka ɗauko injina uku, talabijin uku, ƙaramin janareta, da kwali guda na ƙattai masu naushi.

Ana gobe za mu buɗe, da hantsi, sai ga Baffa da malafarsa da sandarsa. Bai taɓa taka shagona ba sai ran nan. Muka durƙusa muka gaishe shi, na kawo masa kujera ya ƙi zama. Ya ce da ni, “Ɗana, nuna min inda shanun suke.” Na nuna masa akwatunan a kan tebur. Ya matso ya leƙa, ya sa yatsa ya taɓa ɗaya kamar mai taɓa maras lafiya, sannan ya ce, “Wannan abin yana haihuwa?” Na ce, “Baffa, ai wannan kullum sai ya haihu, ba sai an jira wata tara ba.” Ya dube ni, ya dubi ɗansa, ya ce, “Madalla.” Ya fita. A lokacin na ji daɗin amsar da na bayar, har na maimaita ta a teburin mai shayi aka yi dariya.

Satin farko na ɗauka na ci gari. Shago ya cika har titi, taga ta toshe da kawuna, masu rake da masu gyaɗa suka dawo ƙofarmu da talla. Ina yawo ina taƙama, ina ce wa abokina, “Ka gani? Sarkin Gobe ba ya faɗa ta faɗi ƙasa.” Shi ne ya fara lura, domin makiyayi idonsa a kan abin da ke ci yake, ba abin da ke tsaye ba. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, “Mutanen da yawa, amma masu riƙe hannun ba su wuce biyar ba. Kullum su ne.” Na duba, haka ne. Uku daga cikinsu ma 'ya'yan mahauta ne, waɗanda dambe gadonsu ne tun kakanni. Na ce masa kunya ce ta farko, za su saba.

Sai ga abin da ya ƙarasa mu. Akwai wani tela a layinmu, sabon ango, mutum mai kamun kai da kowa ke girmamawa. Aka zuga shi ya zauna, aka kuma zaunar da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya a ɗaya hannun. Ƙanen ya riga ya iya. Cikin minti biyu ƙaton telan ya zube a gilashi, injin ya maimaita faɗuwar a hankali don kowa ya gani da kyau. Shago ya ɗauki ihu, “Ya kashe shi! Ya kashe shi!” kamar yadda ake yi a filin dambe. Wani ɗan iska ya kama gwangwani yana kiɗa yana yi wa ƙanen kirari. Telan ya miƙe ya wanke ƙanensa da mari a gaban jama'a, ya fice. Sati guda in ya wuce sai ka ji ana tari ana cewa ga wanda aka kashe. Sai da manya suka shiga tsakani kafin 'yan'uwan nan su sake cin abinci a kwano ɗaya.

Daga ranar, duk mai gemu ko mai neman aure ya haramta wa kansa hannun nan. Samari ma suka shiga taka-tsantsan. Ba mai zama da wanda ya girma, kada ƙarami ya kayar da shi. Ba mai zama da wanda ya girme shi, kada a ce ba shi da kunya. Suruki ba ya zama da suruki, yaron shago ba ya zama da ɗan maigidansa. Sai a lokacin na gane kuskurena, kuma kuskure ne da bai kamata ɗan ƙasar nan ya yi ba. Gaskiya ne gari yana watsewa ranar dambe, amma mutum nawa ne ke shiga fili? Biyu. Sauran duka kallo suka zo. A wurinmu dambe yana da masu shi, kowa yana son ya ga an kayar da wani, ba wanda yake son a ga an kayar da shi. Ni na ƙirga 'yan kallo na ɗauka 'yan dambe ne. Ɗan kallo kuwa ba ya biyan komai, sai dai ya cika maka shago da zafi ya kuma ba da shawara.

Muna cikin wannan hali aka shiga haukan ƙwallo, shekarar da 'yan wasan ƙasarmu suka yi abin da ya sa ko tsofaffi suka san sunayensu. Ba a jima ba wani ya buɗe shago a tsallaken tasha da inji ɗaya tak, mai faifan nan da na raina. Na je leƙen asiri da rana tsaka. Na tarar da telan nan da kansa a zaune, da ƙanen nan nasa, an ci shi biyu da nema, yana dariya yana cewa golansa ne barci ya ɗauke, a sake. A ƙwallo ba kai aka kayar ba, mutum goma sha ɗaya ne suka yi sakaci, ga alƙalin wasa da za a zaga, ga sa'a da za a ɗora wa laifi. Kowa kuma gani yake ya iya. Na juya daga bakin ƙofar na koma shagonmu. Na san an gama da mu.

'Yan kallon ma suka bi. Shagonmu ya koma sai mu biyu da ƙarar janareta, ƙattai suna ta tsalle a gilashi ba mai kula su. Na kwashi kaset ɗin na koma birni in musanya. Ɗan kasuwar ya buɗe kwalin ya rufe, ya ce, “Ɗan'uwa, wannan yanzu ko kyauta na ba yara sai sun tambaye ni na ƙwallo. Injin ma kansa ya zama tsohon yayi.” Bai ce ai na faɗa maka ba, amma na ji ta a cikin muryarsa. Na dawo da kwalina a kan cinya, tun daga birni har Kwanar Dangora ban ɗaga kai ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne abokina bai taɓa ɗora min laifi ba. Kullum da safe zai taho daga ruga a ƙafa, ya share shago, ya goge talabijin, ya zauna a bencin da ba kowa. In na fara kame-kame sai ya ce, “Bari, Allah bai nufa ba.” Da ya zage ni, da ya shaƙe ni, da na samu sauƙi. Da damina ta faɗi janareta ya buga, muka sayar da abin da ya rage, abin da aka samu ko ɗan maraƙi bai isa ya saya ba. Maganar aurensa da aka fara ta mutu a tsaye, ba wanda ya ce an fasa, kawai dai an daina tayar da ita. Bafulatanin da ba shi da ko kofato, da wane baki zai yi magana a cikin dangi? Wata safiya aka wayi gari ya bar rugar. Baffa kuwa in mun haɗu a kasuwa sai ya amsa gaisuwata da kyau, har ya tambayi mahaifina. Na koma canza hanya in na hango malafarsa.

Kusan shekara uku ban ji ɗuriyarsa ba. Rannan aka kira ni gyaran talabijin a wani ƙauye bayan Doguwa, na hau acaɓa muka bi hanyar daji. Wajen la'asar garke ya tare mana hanya, muka tsaya su wuce. Sai na ji kiran nan, can cikin maƙogwaro. Na sauka daga babur na nufi inda kiran ya fito.

Shi ne. Ya rame, ya yi baƙi, rigarsa ta mutu a kafaɗa. Ya gan ni ya yi murmushi kamar jiya muka rabu, ya ce, “A'a, Sarkin Gobe, kai ne a dajinmu?” Muka gaisa. Na dubi garken, ya fi saniya hamsin, wani sanyi ya fara sauka a zuciyata, na ce, “Alhamdu lillahi, ashe Allah ya mayar maka.” Ya girgiza kai ya ce, “Na wani Alhaji ne. Kiwo nake masa, yana biyana.” Sannan ya nuna da sanda. Ga ta nan tana tahowa, farar saniya mai baƙin kunnen hagu, ta tsufa kaɗan, a wuyanta igiyar nan da ya sa a aljihu ranar kara. A bayanta wasu uku, kowanne da kunnen.

Ya ce, “Wata takwas ina bin dillalai kasuwa-kasuwa kafin in gano inda take. Da na same ta sai na roƙi mai ita ya ɗauke ni aiki. Uku ta haifa tun rabuwarmu, biyu a hannuna.” Saboda wauta irin tawa sai na ji bakina ya ce, “To 'ya'yan na wa ne?” Ya ce, “Na mai su.” Yana faɗa yana sosa mata wuya, ita kuma tana goga kanta a kafaɗarsa. Tambayar Baffa ta dawo min kamar yanzu yake yin ta a shagona, na kasa haɗa ido da kowa, har saniyar.

Da zan tafi ya rako ni bakin hanya. Ya ce, “Yanzu wane wasa ake yi a gari?” Na ce ƙwallo. Ya ce, “To nan gaba fa, wanne zai ci?” Ba da gatse ya yi tambayar ba, na san shi. Na ce, “Ban sani ba.” Ya ɗan yi dariya ya ce, “Ashe ka iya faɗin wannan.” Ya juya ya bi shanun mutane. Na hau babur ina kuka kamar yaro, ɗan acaɓa ya yi ta tambayata ko rasuwa aka yi min, na ce masa ya ja mu tafi kawai. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe. Na ji daga baya sun yi kudu da garken, kuma har Baffa ya rasu abokina bai dawo da saniya tasa ta kansa ba.

Yanzu injinan sun canza sau nawa ban sani ba, wasannin ma sun koma cikin waya. Samari sukan zauna a ƙofar shagona suna musu, wannan ya ce wasan harbi ne zai mamaye injinan gaba, wancan ya ce ƙwallo ba za ta taɓa mutuwa ba. Wani lokaci sukan juyo su ce, “Baba, kai da ka ga farkon abin, me ka gani?” Nakan ce Allah ne masani, in ci gaba da aikina. Suna ɗauka tsufa ne. Abin da na koya, da tsada kuma ba daga aljihuna ba, shi ne hasashe ba laifi ba ne muddin a bakinka ya tsaya. In za ka yi caca da gobe, yi da abinka. Kuma duk wanda ya yarda da kai har ya tambaye ka ko ka tabbata, ka ji tsoron Allah ka ce masa ba ka sani ba tun igiyar tana hannunsa.